Ruwan Inabi da Cuku: Abin da Mai Hidima Zai Koyar Game da Daidaito

Gabatarwa

A ce ranar Lahadi ce, an tashi sujada a wata ƙaramar majami'a a ƙasar Jahun. Wani saurayi da ya zo hutu daga Jami'ar Tarayya ta Dutse ya tsaya har jama'a suka ragu, sa'an nan ya matso ya durƙusa ya gaida fasto. Ya ciro waya ya nuna masa wani iyali a ƙasar Faransa, sun zauna cin abinci, sun yi addu'a, ga ruwan inabi a kofuna, ga cuku a faranti. Ya ce, "Baba, waɗannan ba masu bi ba ne? Ubangiji Yesu ma ai ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi. To, me ya sa a nan in an ji warin giya a bakin mutum sai dattawa su sa shi ƙarƙashin horo?"

Amsoshi biyu ne suke saurin zuwa bakinmu, dukansu kuwa ba su isa ba. Ta farko ita ce mu ce ruwan inabin Littafi Mai Tsarki ba ya bugarwa. Ta biyu ita ce mu ce ba kome, a sha kaɗan. Ta farko ba gaskiya ba ce, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne, ran da saurayin ya karanta da kansa zai daina yarda da mu a sauran al'amura. Ta biyu kuwa ta manta da inda muke zaune da mutanen da muke kiwo. Manufar wannan darasi ita ce mu san mene ne ruwan inabi da cuku a wurin mutanen Littafi, dalilin da ake haɗa su a teburi, ma'anar daidaito, da abin da ya kamata mu koyar a Jahun, Dutse, Kiyawa, Miga da kewaye.

1. Hanyar ajiye abinci ce

A ƙasar Kan'ana inabi yana nuna ne a ƙarshen bazararsu, wajen watan Agusta da Satumba. Akan zuba 'ya'yan a ramin da aka sassaƙa cikin dutse, a tattake da ƙafa, ruwan ya gangara cikin wani rami na ƙasa. A fatar 'ya'yan inabi akwai yisti da yake zaune a kai tun daga gona. Da zarar ya haɗu da zaƙin ruwan cikin zafin rana, kafin kwana ɗaya ko biyu ya soma kumfa, yana mai da sukari ya zama sinadarin barasa da iska. Wannan iska ce take fasa tsohuwar salka a misalin da Ubangiji ya bayar (Matiyu 9:17). Ba su da firji, ba su da kwalba mai murfin da ke hana iska shiga. Hanyar da suka fi dogara da ita don amfanin gonar inabi ya kai shekara ita ce a bar ruwan ya tsimu, ko a shanya 'ya'yan su zama zabibi, ko a dafa ruwan ya yi kauri kamar maɗi.

Kalmomi uku na Ibrananci ya kamata mu riƙe. Yayin ita ce ta yau da kullum, ta fito kimanin sau 140, ita ce kuma Nuhu ya sha ya bugu (Farawa 9:21). Tirosh tana nufin sabon ruwan inabi na kakar bana. Shekar tana nufin abin sha mai bugarwa da ake yi da hatsi ko dabino, ita ce ta fi kusa da burukutu. A Sabon Alkawari kalmar Helenanci ita ce oinos. Da ita aka ba da labarin bikin Kana, da ita kuma Bulus ya hana buguwa a Afisawa 5:18. Ba mu da ikon mu ce kalmar tana nufin ruwan zaƙi a wuri ɗaya, ta koma giya a wani wurin, don kawai hakan ya fi mana sauƙi.

2. Cuku a Littafi, cuku a ƙasarmu

Matsalar madara ɗaya ce da ta inabi: in ba a yi mata dabara ba, kwana ɗaya ta lalace. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Ƙasar Jahun ƙasar Fulani ce tun da daɗewa, kowa ya san yadda ake kwana da madara ta zama kindirmo, a kaɗa a cire mai, a sayar da nono. Ibrahim ya kawo wa baƙinsa irin wannan kindirmo da madara tare da naman ɗan maraƙi (Farawa 18:8), Yayel ma shi ta ba Sisera (Mahukunta 5:25).

Cuku mataki ne na gaba. Akan sa wa madara wani abu da zai sa ta tsinke, ta rabu gida biyu, a zubar da ruwan, a matse daskararren, a sa gishiri ko a shanya. Wurare uku Littafi ya ambace shi. Yesse ya aiki Dawuda sansanin yaƙi da cuku guda goma don shugaban 'yan'uwansa (1 Sama'ila 17:18). Sa'ad da Dawuda yake gudu daga Absalom, mutanen da suka tarye shi a Mahanayim sun kawo masa zuma da kindirmo da tumaki da cuku (2 Sama'ila 17:29). Ayuba kuma ya kwatanta yadda Allah ya siffata shi a ciki da yadda madara take daskarewa ta zama cuku (Ayuba 10:10). Masanin tarihin Yahudawa, Yusufus, ya ambaci wani kwari a tsakiyar Urushalima da ake kira kwarin masu yin cuku.

A yankinmu iri biyu muka sani. Akwai cuku na Buzaye da Fulanin Nijar, wanda ake tsinka madarar da ruwan tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi mai shan nono, a shimfiɗa shi falle-falle a kan asabari ya bushe, ya yi watanni bai lalace ba. Akwai kuma wara ta Fulanin Kwara da Oyo da ƙasar Binin, wadda ake tsinka madarar da ruwan tumfafiya, a ci ta da laushinta ko a soya. Awarar da yara suke talla a garuruwanmu 'yar'uwarta ce a dabara, amma da waken soya ake yin ta. Kimanin lita 10 na madara ne yake ba da kilo ɗaya na busasshen cuku, shi ya sa ɗan kaɗan yake riƙe ciki, shi ya sa kuma ya zama guzurin matafiyi da soja.

Idan annabawa suna so su kwatanta wadata, sukan haɗa ruwan inabi da madara (Ishaya 55:1, Yowel 3:18). Ɗaya amfanin manomi ne, ɗaya na makiyayi. Ƙasar da ake samun su biyun a kasuwa ɗaya ƙasa ce da manomi da makiyayi suke zaman lafiya. Mu da muka san abin da rikicin gona da burtali yake jawowa a kwarin Haɗeja, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan albarka ba.

3. Me ya sa ake haɗa su?

Duk wanda ya taɓa cin goro ya san bauri, wato yadda baki yake bushewa, harshe ya yi kaushi. Wani sinadari ne yake kawo haka, ana ce da shi tanin. Shi ne yake cikin bagaruwa, da shi majema suke jeme fata: yana kama furotin na fata ya ɗaure shi. A baki ma haka yake yi, yana kama furotin na yawu, sai santsin baki ya tafi. Jan ruwan inabi yana da tanin da yawa, domin ana barin ruwan ya tsimu tare da fatar 'ya'yan da ƙwayoyinsu. Idan mutum ya ci cuku, tanin ɗin yakan kama furotin da maiƙon cukun maimakon yawu, baurin ya ragu. A ɗaya gefen kuma, tsamin ruwan inabin yana wanke maiƙon da cuku ya bari a harshe. Kowannensu yana rage kaifin ɗan'uwansa.

Daga nan Turawa suka fitar da ƙa'idodinsu. Mai ƙarfi da mai ƙarfi, mai sauƙi da mai sauƙi. Cuku mai gishiri sosai da ruwan inabi mai zaƙi, kamar yadda Faransawa suke haɗa Roquefort, cukun madarar tumaki, da Sauternes, Ingilishi kuma su haɗa Stilton da Port na ƙasar Fotugal. Cukun madarar awaki mai tsami da farin ruwan inabi mai tsami, kamar na Chavignol da Sancerre, waɗanda ƙasa ɗaya suke fitowa. Akasari abin da ƙasa ɗaya ta haifa ne yake dacewa da juna, don mutanen wurin sun daɗe suna gyara ɗaya saboda ɗaya.

Akwai wani dalili da ya fi ɗanɗano muhimmanci. Barasa ta fi shiga jini ta ƙaramin hanji. Idan ciki ba kome, nan da nan take wucewa can, mutum ya bugu. Idan akwai abinci mai maiƙo da furotin, ƙofar tumbi tana jinkirin buɗewa, barasar ta shiga jini a hankali. Abincin ba ya rage yawan abin da hanta za ta yi fama da shi, jinkiri kawai yake kawowa. Amma ya nuna mana bambanci tsakanin al'adu biyu: wadda kofi yake tafiya tare da abinci da iyali, da wadda mutum yake zuwa mashaya da yunwa don ya manta da damuwarsa.

4. Kyauta ce, haɗari ce kuma

Littafi yana magana da murya biyu a kan ruwan inabi, mai hidima kuwa dole ya bar jama'a su ji duka biyun.

Murya ta farko ta godiya ce. Malkisadik ya tarbi Ibrahim da gurasa da ruwan inabi (Farawa 14:18). Zabura 104:15 ta lissafa shi tare da mai da abinci cikin kyautar Allah. An yarda wa mai kai zaka ya saye shi ya yi murna tare da iyalinsa a gaban Ubangiji (Maimaitawar Shari'a 14:26). Basamariye ya zuba shi a kan rauni (Luka 10:34), Bulus ya shawarci Timoti ya sha kaɗan saboda cikinsa (1 Timoti 5:23). A Kana randuna shida ne na dutse, kowacce tana cin mudu biyu ko uku na lokacin (Yahaya 2:6), jimla tsakanin lita 470 da 700, wato jarka mai lita 25 kusan 19 zuwa 28. Mu tuna bikinsu yakan kai kwana bakwai, gari duka kuma yake zuwa.

Murya ta biyu ta gargaɗi ce. Mutum na farko da aka ce ya dasa inabi shi ne na farko da aka ce ya bugu, tsiraicinsa ya bayyana, la'ana ta shiga gidansa (Farawa 9:20-27). Abin kunyar gidan Lutu da ruwan inabi aka ƙulla shi (Farawa 19:30-38). Karin Magana 23:29-35 ta zana hoton mashayi, da jajayen idanu, da raunukan da bai san inda ya same su ba, da ƙishin da yake farkawa da shi. Ishaya ya tsauta wa firistoci da annabawa masu tangaɗi (28:7). Bulus ya sa buguwa cikin ayyukan halin mutuntaka (Galatiyawa 5:21). Zuma ce, da zaƙi da harbi.

Akwai kuma waɗanda suka ƙaurace masa gaba ɗaya, Allah kuwa ya karɓi hakan: firist lokacin da yake hidima (Littafin Firistoci 10:9), keɓaɓɓe cikin kwanakin wa'adinsa (Littafin Ƙidaya 6), Rekabawa (Irmiya 35), Daniyel a fadar Babila (1:8), da Yahaya Maibaftisma (Luka 1:15). Mu lura, mafi yawan waɗannan mutane ne masu wani kira na musamman a gaban jama'a. Ga shugaban ikkilisiya da mai hidima kuwa sharaɗin a fili yake: kada ya zama mashayi (1 Timoti 3:3, 8, Titus 1:7).

Taƙaitawar ita ce: Littafi bai kira ruwan inabi kansa zunubi ba, ya kira buguwa zunubi ba tare da sassauci ba, ya kuma girmama wanda ya bari saboda Allah da mutane.

5. Mene ne "kaɗan"?

Kowane mashayi yakan ce kaɗan yake sha. Saboda haka gara mu san ma'auni.

A zamanin Sabon Alkawari al'adar Helenawa da Romawa da malaman Yahudawa ita ce a gauraya ruwan inabi da ruwa, sau da yawa kashi ɗaya da ruwa kashi biyu ko uku. Ruwan inabi mai ƙarfin kashi 12 cikin ɗari, in an gauraya shi haka, yakan sauko zuwa kashi 3 ko 4. Yisti kansa yana mutuwa idan barasar ta kai wajen kashi 15, don haka ba su da abin sha da ya wuce nan. Dabarar dafa giya a tara tururinta don a sami mai ƙarfi ta yaɗu ne ɗaruruwan shekaru bayan manzanni. A yau ruwan inabin kwalba yana tsakanin kashi 11 da 14, ba a kuma gauraya shi. Giyar kwalba tana wajen kashi 5. Ogogoro da barasar leda suna kai kashi 40. Wanda ya kafa hujja da Timoti don ya sha ta leda, ya ɗauki ayar ya kai ta inda ba ta je ba. A watan Fabrairu 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana barasar leda da ta ƙananan kwalabe ƙasa da mililita 200, saboda arharta da sauƙin ɓoye ta a aljihun yara da direbobi.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙirga giram 10 na tsantsar barasa a matsayin mudu ɗaya. Wannan shi ne wajen mililita 100 na ruwan inabi, bai kai cikin kofin shayi ba. Kwalba mai mililita 750 tana da mudu bakwai da rabi. Babbar kwalbar giya mai mililita 600 ta fi mudu biyu. Hanta kuwa wajen mudu ɗaya take iya narkarwa cikin awa guda. A 2016 likitocin gwamnatin Ingila suka ba maza da mata shawara kada su wuce abin da ya kai kusan kwalba ɗaya da rabi ta ruwan inabi a mako, a rarraba cikin kwanaki.

Wajen 1991 aka yayata cewa jan ruwan inabi ne yake kare Faransawa daga ciwon zuciya duk da yawan cin cuku. Binciken baya ya raunana wannan magana, domin cikin waɗanda aka ƙirga a matsayin marasa sha akwai mutane da yawa da rashin lafiya ce ta sa suka daina. Tun 1988 an sa barasa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna kawo ciwon daji. A watan Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin da za a ce ba shi da haɗari ga lafiya, rahotonta na 2024 kuma ya ce mutum miliyan 2.6 ne suka mutu a 2019 ta dalilin barasa. Akwai waɗanda kaɗan ɗinsu shi ne ko ɗigo: mace mai ciki, yaro, mai ciwon hanta, mai shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya, wanda zai hau babur ko ya tuƙa mota, da wanda ya taɓa zama bawan giya. Ciwon hanta ya yawaita a ƙasarmu, mutane da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba.

6. A Jahun muke

Bulus ya ce akwai abin da yake halal amma ba shi da amfani (1 Korantiyawa 10:23). Abubuwa huɗu ne za su auna mana amfani a nan.

Na ɗaya, doka. Hana barasa a Arewa ba sabon abu ba ne. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta hana shigo da barasa mai ƙarfi yankunan da ba su saba da ita ba, gwamnatin Turawa kuma ta sa Arewacin Nijeriya cikin wannan yanki. An ƙirƙiro Jihar Jigawa ran 27 ga Agusta 1991, a watan Agusta 2000 kuma ta ƙaddamar da Shari'a. Hisba tana kama giya tana fasa kwalabe a bainar jama'a. Muna iya tattauna yadda doka ta shafi wanda ba Musulmi ba ta hanyar shugabanninmu, amma ba kwalba ce za mu sa ikkilisiya ta yi gaba da hukuma a kanta ba (Romawa 13:1-5). In za mu sha wuya, bari ya zama saboda sunan Almasihu (1 Bitrus 4:15-16).

Na biyu, maƙwabta. Musulmin da muke zaune da su sun ɗauki giya haram, bisa ga Suratul Ma'ida aya ta 90. Da yawansu ba su taɓa buɗe Littafi Mai Tsarki ba, rayuwarmu suke karantawa. Zargin da aka daɗe ana yi wa Kirista shi ne mashaya ne. Fasto ɗaya da aka gani da kwalba ya isa ya rufe ƙofofin da aka yi shekara ashirin ana ƙwanƙwasawa.

Na uku, tarihin ikkilisiyarmu. 'Yan mishan na SIM da suka iso Nijeriya a 1893, da na SUM a 1904, sun fito daga ikkilisiyoyin da suka ga yadda barasa ta rusa gidajen ma'aikata a Ingila da Amurka, suka koyar da bari gaba ɗaya. ECWA, wadda aka kafa a 1954, da ikkilisiyoyi da dama na TEKAN sun gāji wannan. A cikin Maguzawa kuwa giya tana cikin biki da gayya da tsafi. Ga iyayenmu da suka tuba daga can, zubar da tukunyar giya ita ce shaidar da kowa ya gani. Mu faɗa wa jama'a gaskiya: wannan ƙa'idar ikkilisiya ce, an kafa ta bisa hikima da ƙauna, ba sharaɗin ceto ba ce. Wanda ya shiga ikkilisiya ya yi alkawarin bin ƙa'idarta kuwa, ya cika alkawarinsa.

Na huɗu, ɗan'uwa rarrauna. Romawa 14:21 ta ambaci ruwan inabi da suna cikin abubuwan da ya fi kyau a bari in za su sa ɗan'uwa tuntuɓe. A kowace majami'a akwai mutumin da yake kokawa da giya, akwai matar da ta san abin da ake nufi da a sayar da buhun gero a kaka a shanye, a shiga bazara rumbu ba kome. Wannan sura kuma ta hana mai bari ya hukunta mai sha (14:3). Don haka iyalin nan na Faransa ba mu da ikon fitar da su daga cikin masu bi. Su ma ba su da ikon mai da al'adarsu ta zama dokarmu.

7. Kofin Jibin Ubangiji

Ikkilisiyar farko da ruwan inabi gauraye da ruwa take yin Jibi. Jastin Mai Shahada ya bayyana haka wajen shekara ta 150, Kifriyanus na Kartaj kuma ya rubuta wasiƙa wajen 253 yana tsauta wa masu amfani da ruwa zalla. A Koranti har wasu sun bugu a wurin taron (1 Korantiyawa 11:21). A 1869 ne wani ɗan Metodis a Amurka, Thomas Welch, ya bi dabarar Louis Pasteur ya dafa ruwan inabi ya rufe a kwalba don kada ya tsimu, daga nan ikkilisiyoyi da yawa suka koma kansa. Har yau Katolika da ruwan inabi na ainihi suke yin hadaya, Angilikan ma akasari haka, mu kuwa da marar barasa, a ƙauyuka wani lokaci da zoɓo.

Kowane mai hidima ya bi tsarin ikkilisiyarsa, kada kuma ya rena Jibin wata. Masu shirya zoɓo su kula: in an sa masa sukari aka bar shi cikin zafi kwana biyu ko uku, shi ma yakan soma tsimuwa, kamar yadda kunun zaƙi yake yi. A dafa shi a ranar ko daren jajibere, da ruwa mai tsabta.

8. Teburin da Allah ya ba mu

Abin da yake da kyau a hoton da saurayin ya nuna ba kwalbar ba ce. Zama tare ne, da godiya, da cin abinci a natse. Wannan ba a hana mu ba, kayansa kuma suna ƙofar gidanmu. Jigawa tana cikin manyan masu noman zoɓo a Nijeriya, har ƙasashen waje ake kai shi daga kasuwanni irin su Maigatari. Tsaminsa yana wanke maiƙon soyayyar wara ko awara daidai yadda muka bayyana a sama. Dabinon Dutse da cuku mai gishiri suna bin ƙa'idar zaƙi da gishiri. Buzaye sun daɗe suna cin cuku da shayi mai ɗaci, wanda shi ma tanin ne da shi, suna kuma daka gero da dabino da cuku su dama don tafiyar hamada. Fura da nono kuwa ita ce haɗuwar manomi da makiyayi a ƙwarya ɗaya. Wannan teburi ne da fasto zai iya gayyatar mai unguwa da limami da Arɗo su zauna ba wanda ya ji ƙyama. A dai tafasa madara kafin a sarrafa ta, domin ɗanya tana iya ɗaukar ƙwayar tarin fuka da wasu cututtukan shanu.

Daidaito ma bai tsaya ga giya ba. Karin Magana 23:20-21 ta haɗa mashayi da mai haɗamar nama a layi ɗaya. Mai wa'azin da yake tsauta wa mai burukutu, shi kuwa yana shan lemon kwalba uku a zama ɗaya da ciwon suga a jikinsa, bai gama koyon darasin ba. Kamunkai ɗiyan Ruhu ne (Galatiyawa 5:23), ya shafi kowace ƙwarya.

9. Shawarwari ga mai hidima

Mu koyar da ayoyin duka, kada mu ɓoye rabi. Mu bayyana wa jama'a bambanci tsakanin abin da Littafi ya umarta da abin da ikkilisiya ta tsara, da dalilin tsarin. Mu kanmu mu bari gaba ɗaya, a gida da kuma in mun yi tafiya inda ba a san mu ba.

Wanda giya ta kama, mu nufi komo da shi cikin tawali'u (Galatiyawa 6:1). Horo ba tare da ziyara ba kora ce. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya tsaya farat ɗaya yana iya kamuwa da rawar jiki, ruɗewa, har da faɗuwa irin ta farfaɗiya, abin kuma yana kisa. Mu raka shi asibiti tare da addu'a. Mu tambayi matarsa ko ana dukanta, ko akwai abinci a gida. Matar da dafa giya ce sana'arta, kafin mu ce ta bari, zumuntar mata su taimake ta da jarin wata sana'a, ko awara, ko ƙuli-ƙuli, ko zoɓo.

Ga saurayin nan kuwa, amsarmu za ta iya zama haka: "Ɗana, gaskiyarka, Ubangiji ya mai da ruwa ruwan inabi, mutanen nan kuma suna iya zama 'yan'uwanmu. Buguwa ce Allah ya hana kowa a ko'ina. Mu a nan mun bar har kaɗan ɗin, saboda maƙwabtanmu, da raunanan cikinmu, da lafiyar jikinmu, ba don muna tsammani barin ne zai cece mu ba. Zo mu je gida, Mama ta dama fura, mu buɗe Romawa 14 tare."

Tambayoyi don tattaunawa

1. Me ya sa ba daidai ba ne mu koyar cewa ruwan inabin Kana ba ya bugarwa? Wace ɓarna wannan koyarwa za ta iya yi daga baya?
2. Ku karanta Romawa 14:1-23. Wane gargaɗi aka yi wa mai sha, wane kuma aka yi wa mai bari?
3. Ku bambanta ruwan inabin zamanin manzanni da abin da ake sayarwa a ɓoye a garinku, ta wajen ƙarfi da yadda ake shansa.
4. Wani dattijon ikkilisiya ya ce likita ne ya ba shi shawarar ya riƙa shan kaɗan saboda zuciyarsa. Yaya za ku yi magana da shi?
5. Wace hanya ikkilisiyarku take da ita ta komo da wanda aka hora saboda giya, da kuma kula da iyalinsa? In babu, da me za ku fara?